Gishiri da Sukari: Yadda Ake Bambance Sinadarin Ayonik da na Kobalent

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar aji biyu ce a babbar sakandare. An koya mana cewa gishiri ayonik ne, sukari kuma kobalent. To amma duka biyun farare ne, duka tsaki-tsaki, kuma duka suna narkewa. Idan aka ba ni sinadarin da ban taɓa gani ba, ko aka rubuta mini shi a jarrabawa, ta yaya zan gane ɓangarensa ba tare da hadda ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ƙara basira.

Kafin mu je ko'ina, akwai kalma ɗaya a cikin tambayarki da nake so mu tsaya a kanta, wato "narkewa". A Hausa idan aka jefa sukari a shayi ya ɓace, mukan ce ya narke. Idan aka ɗora man shanu a wuta ya zama ruwa, nan ma mukan ce ya narke. Kalma ɗaya ce, amma aiki biyu ne da ba su haɗa hanya ba, kuma na daɗe ina lura cewa rabin ruɗanin ɗalibanmu a wannan darasi daga nan yake tasowa. A ruwa, gishiri da sukari duka suna narkewa, gaskiyarki. A wuta kuwa, kama da wane ba ta wane. Zuba sukari a cokali ki kara a kan garwashi: da zafi ya kai wajen digiri 186 a ma'aunin Salshiyos zai zama ruwa, ya yi ja, ya yi ƙauri, ya ƙone. Duk mai dafa alawa ta san wannan. Ki yi haka da gishiri, sai dai ki ji yana ƙaf-ƙaf saboda ɗan ruwan da ya maƙale a cikin ƙwayoyinsa, amma yana nan a gishirinsa. Sai zafi ya kai digiri 801 yake zama ruwa. Tukunyar alminiyam da kika zuba shi a ciki za ta riga shi narkewa, domin ita a digiri 660 take sallamawa. Saboda haka daga nan zuwa ƙasa zan riƙa fayyacewa: narkewa a ruwa, ko narkewa a wuta.

Me ya jawo wannan tazara? Yadda ƙwayoyin atam suka riƙe juna.

Atam ɗin sodiyam yana da ilektiron 11, wato ƙananan ƙwayoyi masu cajin ɗebewa da ke kewaye cibiyar atam, a jere 2, 8, 1. Wannan guda ɗaya na waje kaya ne a gare shi. Kilorin yana da 17, a jere 2, 8, 7, ɗaya ya rage masa ya cika takwas. Idan suka haɗu, sodiyam ya sallama nasa gaba ɗaya, kilorin ya karɓe. Wanda ya bayar ya koma mai cajin tarawa, Na⁺, wanda ya karɓa ya koma mai cajin ɗebewa, Cl⁻. Su ake kira ayon, kuma jan da ke tsakanin caji biyu masu saɓani shi ne haɗin ayonik. A wasu littattafai da takardun jarrabawa za ki ga an kira shi ilektirobalent, duk abu ɗaya ne. A haɗin kobalent kuwa ba mai sallamawa, domin kowa nema yake. Sai su yi haɗaka: wannan ya kawo ilektiron ɗaya, wancan ya kawo ɗaya, biyun su zama na tarayya, kamar manoma biyu da suka haɗa kuɗi suka sayi sa ɗaya na huɗa. Wannan sa shi ya ɗaure su da juna. Duka bayanan biyu a shekara ɗaya suka fito, 1916: Walther Kossel a Jamus ya yi bayanin bayarwa da karɓa, Gilbert Lewis a Amurka ya yi bayanin tarayya.

Wannan kin riga kin ji shi a aji. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne abin da ke biyo baya, kuma nan ne amsar tambayarki take.

Caji ba ya zaɓen aboki. Ayon ɗin sodiyam ba ya cewa "ga kilorin ɗin da ya karɓi ilektiron ɗina, shi kaɗai zan riƙe". Duk mai cajin ɗebewa da ke kusa da shi, ta kowace fuska, jan sa yake. Don haka a cikin ƙwayar gishiri kowane sodiyam yana kewaye da kilorin shida, kowane kilorin yana kewaye da sodiyam shida, haka abin ya miƙe gaba da baya, sama da ƙasa, har bakin ƙwayar. Ba wani abu wai shi "molikul ɗin gishiri", wato ɗan dunƙulen atam mai zaman kansa, a cikin gishirin da kike gani. NaCl da muke rubutawa ƙidaya ce kawai: ɗaya ga ɗaya. William Bragg da ɗansa Lawrence ne suka gano wannan jeri a Ingila a 1913, ta hanyar haska gishiri da hasken eksire, kuma wasu manyan masana sinadarai na lokacin sun daɗe ba su yarda ba. Idan kika sami madubin ƙara girma, dubi gishiri mai tsabta: za ki ga ƙwayoyi masu kusurwa daidai wa daida kamar 'yar ludo. Jerin cikin ne ya fito fili. Ko kantun Bilma ne da raƙuma suka keto Sahara da shi, ko gishirin teku na leda, in an tace, jerin ɗaya ne.

Sukari ba haka yake ba. Kabon 12, haidirojin 22 da oksijin 11 ne suka ɗaure juna da haɗin kobalent suka zama dunƙule ɗaya mai atam 45, a nan kuma dunƙulen ya ƙare. Na kusa da shi wani dunƙulen ne daban. Ki ɗauka buhunan gero ne aka jibge a sito: kowane buhu an ɗinke bakinsa tam, amma buhu da buhu jingina kawai suka yi da juna. Gishiri kuwa katangar bulo ce da siminti ya kama kowane bulo ta ko'ina. Rushe tarin buhuna ba wuya. Rushe katanga sai da guduma.

A nan nake so ki kiyayi wani kuskure da nake gani kusan kowace shekara idan ina duba takardu. Ɗalibi zai rubuta cewa sinadaran kobalent suna saurin narkewa a wuta "saboda haɗin kobalent ba shi da ƙarfi". Wannan ba daidai ba ne, kuma maki yake ci. Haɗin kobalent yana da ƙarfi ƙwarai. Abin da ba shi da ƙarfi shi ne jingina tsakanin molikul da molikul. Idan kika tafasa ruwa, tururin da ya tashi har yanzu H₂O ne, ba a raba haidirojin da oksijin ba, buhuna aka rarraba, ba a farke ɗinki ba. Kuzarin da ake buƙata a mai da mol ɗaya (ma'aunin ƙidayar ƙwayoyin sinadari) na ruwa tururi wajen kilojul 41 ne, amma karya mol ɗaya na haɗin oksijin da haidirojin yana cin kusan 460. Ya ninka fiye da sau goma.

To yanzu, an rubuta miki sinadari a takarda. Fara da duba su wa suka haɗu. Dangin ƙarfe da wanda ba ƙarfe ba, musamman ƙarafan rukuni na ɗaya da na biyu a jadawalin sinadarai, irin su sodiyam, fotasiyam, magniziyam da kalsiyam, idan suka haɗu da kilorin ko oksijin ko fulorin: ki ce ayonik. Idan duk waɗanda suka haɗu ba ƙarfe a cikinsu, kamar H₂O, CO₂, NH₃, CH₄: ki ce kobalent. Wannan zai fishe ki a mafi yawan tambayoyi. Amma hasashen farko ne, kuma masu shirya jarrabawa sun san inda yake tuntuɓe.

Tuntuɓe na farko shi ne amoniyam. NH₄Cl ba ƙarfe a cikinsa ko kaɗan, amma ayonik ne, domin naitirojin ɗaya da haidirojin huɗu sun dunƙule sun ɗauki cajin tarawa, NH₄⁺, suna aiki kamar sodiyam. Duk inda kika ga NH₄ a farkon rubutu, ayonik ne. Akwai wani misali da nake so ƙwarai, kuma a gona yake. Takin yuriya, CO(NH₂)₂, kobalent ne, yana narkewa a wuta a digiri 133 kacal. Takin amoniyam salfet kuwa ayonik ne. Duka farare, duka ruwa na narkar da su, duka naitirojin suke ba shuka. Har ma a 1828 Friedrich Wöhler ya ɗumama amoniyam sayanet, wanda sinadari ne ayonik, sai ya juye ya zama yuriya. Atam ɗin ba su ƙaru ba, ba su ragu ba: kabon ɗaya, oksijin ɗaya, naitirojin biyu, haidirojin huɗu. Zama kawai suka sake. Kin ga ke nan sanin sunayen waɗanda ke cikin sinadari ba ya wadatarwa kullum, sai an san yadda suka zauna.

Wannan ya kai mu ga sinadaran da ke ɗauke da haɗin iri biyu a lokaci guda, kuma suna da yawa a ɗakin girki fiye da yadda ake zato. Kanwa, idan aka cire ƙasa da gishirin da ke gauraye da ita, yawancinta sodiyam kabonet ne da sodiyam baikabonet. Tsakanin sodiyam da kabonet haɗin ayonik ne, amma a cikin kabonet ɗin kansa, CO₃²⁻, kabon da oksijin tarayya suka yi. Haka alli, haka alif da ake tace ruwa da shi, haka sodar da ake dafa sabulu da ita, haka farin magi, har sabulun kansa. Idan aka tambaye ki ɓangaren irin waɗannan, amsar ita ce ayonik, domin abin da ya riƙe ginin gaba ɗaya jan caji ne. Idan kuma aka ce ki lissafa ire-iren haɗin da ke ciki, sai ki ambaci duka biyun. A amoniyam ma har da na uku, inda naitirojin shi kaɗai ya kawo ilektiron biyun da aka yi tarayya a kansu.

Yanzu mu bar takarda. An miƙo miki farin gari a murfin kwalba, ba suna. Ba a ɗanɗanawa, wannan doka ce ta ɗakin gwaji, ko da kin rantse gishiri ne.

Ƙamshi da yanayi suna ba da labari tun kafin a taɓa komai. Abin da yake iska ko ruwa-ruwa a zafin ɗaki, ko yake tashi da wari, kamar kananzir, fetur, turare, kafur, man gyaɗa, kusan tabbas molikul ne na kobalent, domin sai abu ya iya ɓallewa daga 'yan uwansa ya shiga iska kafin hanci ya ji shi. Mai laushi kamar kyandir ma haka. Sinadarin ayonik daskararre ne, mai tauri, amma mai saurin dagargajewa. Dalilin dagargajewar yana da daɗin fahimta: idan kika buga ƙwayar gishiri, layi ɗaya ya ɗan gusa, sai tarawa ta fuskanci tarawa, ɗebewa ta fuskanci ɗebewa, su ture juna, ƙwayar ta tsage.

Narkewa a ruwa kuwa, kada ki dogara da ita. Littafi zai ce ayonik na narkewa a ruwa, kobalent a kananzir. Sau da yawa haka ne, amma sukari da yuriya da giya kobalent ne kuma ruwa na narkar da su sarai, alli kuma ayonik ne amma ko kin kwana kina motsawa sai ya kwanta a gindin kofi. A cikin dukan alamomin, ita ce mafi rauni a wurina.

Gwajin da na fi yarda da shi shi ne na lantarki. Wutar lantarki ba ta bi ta cikin abu sai akwai masu caji da ke iya tafiya. Busasshen gishiri yana cike da caji, amma kowa a ɗaure yake a mazauninsa, don haka wuta ba ta wucewa. Da zarar ya narke, a wuta ko a ruwa, ayon sun sami sakewa, wuta ta bi. Sukari ko ya narke, dunƙulensa ba shi da caji, ba mai ɗaukar saƙo. Svante Arrhenius ɗan Suwidin ne ya kawo wannan bayani a kundin digirinsa na 1884, malamansa ba su yi na'am da shi sosai ba, sai ga shi ya karɓi kyautar Nobel a kansa a 1903.

Gani ya kori ji, kuma za ki iya yi a gida. Nemi ƙaramin batir mai bolt 9, ɗan ƙwan tocila, guntayen waya, da ƙusa biyu masu tsabta. Haɗa su a jere ki bar giɓi tsakanin ƙusoshin, ta yadda ƙwan ba zai kama ba sai wani abu ya cike giɓin. Tsoma ƙusoshin a ruwan gishiri ba tare da sun taɓa juna ba: zai kama. Ɗauraye su, tsoma a ruwan sukari: shiru. Batir kawai, 'yata. Kada ki kuskura ki kai wannan wasa ga soket ɗin wutar gida. Sannan ruwan da za ki yi amfani da shi ya zama tataccen ruwan nan da ake ƙara wa batirin mota idan ya ja baya, ba mai asid ɗin ba. Na taɓa jin kunya a gaban aji a kan wannan. A shekarun farko na koyarwata na aiki yaro ya ɗebo ruwan rijiya, na yi ta cika baki cewa ruwan sukari ba zai kunna ƙwai ba, ina tsomawa sai ga shi ya ɗan yi ja. Ba sukarin ba ne, gishirin ƙasa ne da ke narke a ruwan rijiyar tun asali. Ajin ya yi dariya, amma ina jin ba wanda ya manta darasin a cikinsu.

Shi ma wannan gwaji yana da tarko, kuma ana yawan kawo shi a jarrabawa. HCl, wato haidirojin da kilorin, iska ce, molikul ne na kobalent, sai an sanyaya ta zuwa digiri 85 ƙasa da sifiri take zama ruwa. Amma idan ta shiga ruwa, ruwan yakan fizge haidirojin ɗin, a sami ayon, wuta ta bi da ƙarfi. Idan aka narkar da ita a toluwin, wanda dangin fetur ne, wuta ba ta bi. Asid ɗin batirin mota, H₂SO₄, shi ma haka yake. Wato akwai sinadarin da ya zo da ayon ɗinsa tun daga gida, akwai wanda ruwa ne ya haifar masa da su. Shi ya sa hujja mafi ƙarfi ita ce narkewa a wuta: abin da bai ba wuta hanya yana daskare ba, amma ya ba ta da ya narke shi kaɗai ba tare da ruwa ba, wannan ayonik ne.

Sai yashi. Ki dubi kabon da silikon a jadawali, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya. CO₂ iska ce da muke fitarwa da numfashi. SiO₂ kuwa shi ne yashi, sai zafi ya kai wajen digiri 1,700 yake narkewa, ya ninka gishiri. Duka biyun kobalent ne. Bambancin shi ne a CO₂ tarayyar ta tsaya a atam uku, a yashi kuwa kowane silikon ya kama oksijin huɗu, kowane oksijin ya kama silikon biyu, saƙar ta ci gaba ba iyaka. Nan ba buhuna ba ne, dole a farke ɗinkin kansa kafin ya narke, kuma shi ne shaidar ƙarfin haɗin kobalent da na faɗa miki. Daimon ma haka yake. Don haka jure wuta shi kaɗai ba ya nufin ayonik.

Akwai kuma hanyar lissafi, wadda za ki fi haɗuwa da ita idan kin shiga jami'a. A 1932 Linus Pauling ya kawo tsarin ba atam lamba gwargwadon ƙarfinsa na jan ilektiron, ga kuma lambobin da ake amfani da su a wannan ma'auni bayan an gyara su: fulorin 3.98, oksijin 3.44, kilorin 3.16, kabon 2.55, haidirojin 2.20, alminiyam 1.61, sodiyam 0.93. Sai a ɗebe ƙarami daga babba. Sodiyam da kilorin 2.23, tazara mai faɗi, ayonik. Kabon da haidirojin 0.35, kusan kunnen doki, kobalent. Oksijin da haidirojin 1.24: tarayya ce, amma irin wadda san huɗan ya fi kwana a gidan mai ƙarfi. Shi ya sa molikul ɗin ruwa yake da ɗan cajin ɗebewa ta wajen oksijin da ɗan na tarawa ta wajen haidirojin, kuma da waɗannan ɓangarori biyu yake yayyage ayon daga jikin gishiri. Kananzir ba shi da su, shi ya sa gishiri ke kwanciya a cikinsa.

Littattafai da yawa suna sa iyaka a 1.7. Ki san lambar, amma kada ki ɗauke ta kamar katanga. HF, wato haidirojin da fulorin, yana da 1.78, ya haye iyakar, amma molikul ne da ke tafasa a ƙasa da digiri 20. Gaskiyar lamarin ita ce ba rami tsakanin ayonik da kobalent, hanya ɗaya ce mai baki biyu, kowane sinadari da inda ya tsaya a kanta. Ko a gishiri, kilorin bai ƙwace ilektiron ɗin ɗari bisa ɗari ba.

AlCl₃ shi ne misalin da ke kayar da masu hadda. Ƙarfe ne da kilorin, dokar farko ta ce ayonik. Amma da zafi ya kai wajen digiri 180 sai ya tashi ya zama tururi, kuma narkakkensa ba ya ba wuta hanyar kirki. Dalili shi ne ayon ɗin alminiyam ƙarami ne ƙwarai ga caji har uku, sai ya janyo ilektiron ɗin kilorin su dawo tsakani, abin ya koma tarayya. Kazimierz Fajans ya tsara wannan a 1923: ƙaramin mai tarawa, mai caji da yawa, idan ya haɗu da babban mai ɗebewa, haɗin yakan karkata zuwa kobalent. Tazararsu ma a lissafin Pauling 1.55 ce. Shi kuwa alminiyam ɗin nan idan da fulorin ya haɗu, wanda ƙarami ne mai riƙon ilektiron ɗinsa gam, AlF₃ sai zafi ya haura digiri 1,000 yake motsawa.

In kin haɗa batirin nan, gwada abu biyar ki rubuto mini abin da kika gani: gishiri, sukari, takin yuriya, farin magi da kanwa. Kafin ki tsoma ƙusa a kowanne, rubuta hasashenki tukuna. Kanwar ki jiƙa ta, ki bari ƙasar ta kwanta, ki tsiyaye ruwan sama. Yuriyar kuma ki tabbata ba a gauraya ta da wani taki a buhu ba, in ba haka ba za ki sha irin kunyar da na sha da ruwan rijiya.